Yadda Bahaushe mazaunin Amurka zai mara wa zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda baya

Da tsakar daren 4 ga watan Fabrairun 1999, wasu 'yan sanda huɗu sanye da kayan gida suka tare Amadou Diallo a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Soundview da ke Bronx, cikin birnin New York. Bafulatani ne ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, wanda yake kasa kaya a bakin titi yana neman halaliyarsa. Da ya sa hannu a aljihu ya ciro walat ɗinsa, sai suka buɗe masa wuta, suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi, kuma ba a sami ko allura a jikinsa ba balle makami. Bayan shekara guda kotu ta wanke su duka huɗun. Na fara da labarinsa ne domin har yau akan ji wasu 'yan'uwanmu a majalisa ko a ƙofar masallaci suna cewa rikicin 'yan sanda da baƙaƙen fata rigimar 'yan gida ce, mu kuwa baƙi ne da muka zo cin rani, ba ruwanmu. Ɗan sandan da ya haska maka tocila cikin dare ba ya tambayar ko daga Kano ka fito ko Maraɗi ko zangon Kumasi, fatarka ce take fara yi masa magana kafin bakinka.

Ƙididdigar da jaridar Washington Post ta soma tattarawa tun 2015 ta nuna cewa 'yan sandan Amurka suna harbe kimanin mutum dubu a kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, adadin baƙaƙen fatar da ake kashewa ya ninka na fararen fata fiye da sau biyu. Akwai kuma bashin da ke kanmu wanda ba kasafai muke tunawa da shi ba. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofar shiga Amurka, ta fito ne daga guguwar gwagwarmayar da jikokin bayi suka yi, suka sha kulki da cizon karnuka a kanta. Wanda ya shigo ta ƙofar da wani ya zubar da jini ya buɗe, bai kamata ya riƙa kiran mai ƙofar da sunan raini irin "akata" ba, kuma gyara wannan harshe a cikin gidajenmu shi ne abin da ya kamata a yi tun kafin a ɗauki kwali.

Mataki na farko: ka san matsayin takardunka

Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki da na taruwa cikin lumana, kuma kariyar ta shafi baƙo kamar yadda ta shafi ɗan ƙasa. Amma abin da kamu yake jawowa ba ɗaya ba ne ga mutanen biyu. Ɗan ƙasa da aka kama saboda tare hanya yakan kwana ɗaya a tsare, ya biya tara, ko ma a yi watsi da ƙarar. Shi kuwa ɗalibi mai biza, ko mai neman mafaka, ko wanda wa'adin bizarsa ya ƙare, zanen yatsun da aka ɗauka a ofishin 'yan sanda yakan isa hukumar bincike ta tarayya, daga nan kuma ya faɗa hannun hukumar shige da fice. Ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad, takardar neman zama ɗan ƙasa za ta tambaye shi ko an taɓa kama shi, ko da kotu ba ta same shi da laifi ba. A watan Maris na 2025 jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil, wanda ke da girin kad, saboda rawar da ya taka a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa a Jami'ar Columbia, kuma ya shafe fiye da wata uku a tsare a Louisiana.

Saboda haka, kafin ka fita, ka zauna ka auna kanka bisa gaskiya. Idan kai ɗan ƙasa ne, wurinka yana cikin jerin gwano, kuma kai ne ya dace ka tsaya inda haɗarin ya fi yawa. Idan girin kad ne da kai, za ka iya halartar taron da aka yi wa izini da rana tsaka, ka tsaya a gefe inda fita ba za ta yi wuya ba, ka bar wurin da zarar an ba da umarnin watsewa. Idan kuwa takardunka ba su kammala ba, shawarata ita ce kada ka shiga titi, kuma babu abin kunya a cikin haka, domin yawancin ayyukan da zan ambata nan gaba ba a kan titi ake yin su ba. Wanda yake da wata tsohuwar shari'a ko batun mafaka a gaban kotu, ya nemi lauyan shige da fice ya ji ta bakinsa tukuna.

Mataki na biyu: ka gano masu shirya taron

Amurka tana da hukumomin tsaro na 'yan sanda kusan 18,000, kowace da shugabanta da kasafinta, don haka zanga-zangar da take da amfani ita ce wadda ta san wanda take magana da shi da abin da take nema a wurinsa. Ka bincika wa ya kira taron, shin iyalan wanda aka kashe suna tare da su, shin an bayyana wurin farawa da hanyar da za a bi da lokacin tashi, shin akwai lambar lauyoyi da aka raba. Sanarwar da ba ta ɗauke da sunan kowa, wadda ta ce a haɗu da dare a zo da shiri, ka yi nesa da ita. Idan masu taron suna yin zaman share fage a coci ko masallaci ko zauren unguwa, ka je ka zauna ka saurara fiye da yadda za ka yi magana, domin mutanen nan sun gaji wannan gwagwarmaya ne daga kakanninsu, kuma baƙon da ya zo jiya ba ya koya wa mai gari hanyar rafi.

Mataki na uku: shirin jiki da na waya

Kada ka fita kai kaɗai. Ka nemi abokin tafiya ɗaya ko biyu, ku yi alƙawarin ba za ku rabu ba, ku kuma ajiye wurin haɗuwa mai ɗan nisa da filin idan aka tarwatsa ku. Sannan ku bar mutum ɗaya a gida wanda yake riƙe da cikakken sunan kowannenku kamar yadda yake a katin shaida, da ranar haihuwa, da magungunan da mutum yake sha, da kuma lokacin da idan ya wuce bai ji daga gare ku ba zai fara kiran lauyoyi. Lambar wannan mutumin da ta lauyoyin, ka rubuta su a damtsenka da alƙalamin da ba ya gogewa, domin idan aka kama ka wayarka ce za a fara karɓewa, kuma a zamanin nan kaɗan ne suka haddace ko da lambar matansu.

Ka sa takalmi rufaffe wanda za ka iya doguwar tafiya da shi, da riga mai dogon hannu wadda ba ta da wani rubutu ko ado da zai sa a gane ka daga nesa. Babbar riga da silifa na ranar Juma'a ne. Mata su ɗaura hijabi matsakaici wanda ba zai sarƙe ba, su kuma riƙo wani a jaka, saboda barkonon tsohuwa yana kama yadi ya zauna. Kada a shafa basilin ko wani mai a fuska ranar nan, domin maiƙo yana riƙe sinadarin a fata, kuma mai amfani da ɗan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi ya sa tabarau. A jaka a sa ruwa gora biyu, ɗaya na sha ɗaya na wanke ido, da ɗan abin taɓawa, da tsabar kuɗin mota, da maganin da likita ya rubuta cikin kwalinsa na asali, mai asma kuma kada ya manta da abin shaƙarsa. Doka ta wajabta wa baligi mai girin kad ya riƙe katinsa a jikinsa, sai dai ya bar kwafinsa a gida. Akwai abu ɗaya da mutanenmu suke mantawa da shi, wato 'yar wuƙar aljihu ta ɓare goro ko reza ta yankan farce. A bar su a gida, domin a hannun mai gabatar da ƙara sunansu makami.

Ita kuwa waya, a kashe buɗewa da yatsa ko da fuska, a koma lambar sirri mai tsawo. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2014 cewa 'yan sanda ba su da ikon bincika wayar wanda suka kama sai da takardar izinin alƙali, amma kotuna sun saɓa a kan ko za a iya tilasta wa mutum ɗora yatsa, alhali lambar da ke cikin kansa ta fi samun kariya. A cika caji, a ɓoye saƙonnin da ke bayyana a fuskar waya tana kulle, a kuma yi magana da abokan tafiya ta manhaja mai rufaffen saƙo irin Signal.

Mataki na huɗu: cikin jerin gwano

Da isarka, ka ɗaga kai ka karanci wurin kafin ka shiga tsakiya. Ka lura da titunan fita, da inda 'yan sanda suka ja daga, da masu kula da tsari na taron, da masu ba da agajin gaggawa, da kuma masu sa ido na ƙungiyar lauyoyi ta National Lawyers Guild, waɗanda ake gane su da koren hula mai haske. Aikinsu shi ne rubuta abin da 'yan sanda suke yi da sunayen waɗanda aka kama.

Haɗari mafi girma ga mai zanga-zangar lumana shi ne ƙawanya. A ranar 4 ga Yunin 2020, a unguwar Mott Haven ta Bronx, 'yan sanda suka tare wasu masu jerin gwano kimanin 300 gaba da baya 'yan mintoci kafin dokar hana fita ta ƙarfe takwas ta fara aiki, suka hana su fita, da lokacin ya cika kuma suka hau su da duka da kamu bisa laifin karya dokar. Daga baya birnin ya amince ya biya kowannensu dala 21,500, amma diyya ba ta mayar da daren da aka kwana a ɗaure. Darasin shi ne idan ka ga 'yan sanda masu kekuna ko garkuwa suna rufe titi ta gaba, wasu kuma suna biyowa ta baya, kada ka jira ka ga ƙarshen abin. Idan an sa dokar hana fita, ka bar wurin da sauran aƙalla minti talatin.

Idan aka harba barkonon tsohuwa, kada ka ruga da gudu, domin turereniya takan yi ɓarnar da hayaƙin bai yi ba. Ka yi tafiya da sauri zuwa inda iska take fitowa, kada ka murza ido, ka karkata kai ka zuba ruwa mai tsabta daga gefen hanci zuwa waje, kuma ruwan ya isa, ba sai an nemi madara ba. Kada ka ɗauki gwangwanin da hannu domin yana ƙuna. Da ka koma gida ka tuɓe kayan tun daga bakin ƙofa, ka wanke su su kaɗai, ka yi wanka da ruwan sanyi kafin ka ɗauki yaro.

Wani bincike na cibiyar ACLED ya gano cewa fiye da kashi 93 cikin ɗari na zanga-zangar da aka yi a bazarar 2020 sun gudana ba tare da tashin hankali ko ɓarna ba, amma hoton shago ɗaya da ke cin wuta ya fi tafiya nesa a talabijin. Duk wanda ya matso kusa da kai yana zuga ka ka yi jifa ko ka fasa gilashi, ka matsa daga gare shi ka sanar da masu kula da tsari, ko wane ne shi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan zafin yakan ƙona iyalan mamacin da suke neman a yi musu adalci. Ƙananan yara kuma a bar su a gida, sai dai idan taron addu'a ne da rana.

Mataki na biyar: ɗaukar hoto yadda zai zama shaida

Sanarwar farko da 'yan sandan birnin Minneapolis suka fitar a kan mutuwar George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannunsu ranar 25 ga Mayun 2020, cewa ta yi wani mutum ya rasu sakamakon rashin lafiya yayin mu'amala da 'yan sanda. Da maganar ta tsaya a nan, ba don Darnella Frazier ba, yarinya mai shekara 17 wadda ta tsaya a bakin titi ta riƙe wayarta ba ta sauke ba, har duniya ta ga ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan mutumin da gwiwa na tsawon minti tara da daƙiƙa 29. Wannan bidiyo yana cikin manyan hujjojin da suka sa aka same shi da laifin kisa a Afrilun 2021, aka ɗaure shi shekara 22 da rabi. Gani ya kori ji.

Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya da dama sun tabbatar da cewa mutum yana da 'yancin ɗaukar 'yan sanda a bainar jama'a muddin bai hana su aiki ba. Ka tsaya da ɗan rata, ka riƙe wayar a kwance da hannu biyu, kada ka yanke ɗaukar, kada kuma ka cika ta da surutunka. Ka faɗi ranar da lokacin da sunan titin sau ɗaya, ka yi ƙoƙarin kama lambar ƙirjin jami'in da ta motarsa da allon titi. Idan aka ce ka matsa, ka matsa baya kana ci gaba da ɗauka. Bayan haka kada ka yi gaggawar watsa shi. Ka ajiye na asali ba tare da ka taɓa shi ba, ka tura kwafi ga wani amintacce, ka fara nuna wa lauyoyi ko iyalan wanda abin ya shafa. In za a sa a intanet, a dusashe fuskokin sauran masu zanga-zanga, domin a cikinsu akwai wanda hoton zai iya raba shi da aikinsa ko ya sa a tasa ƙeyarsa zuwa gida.

Mataki na shida: idan an tsayar da kai ko an kama wani

Akwai jimloli uku da ya kamata kowa ya haddace da Turanci tun a gida har su zauna a bakinsa. Ta farko tambaya ce, shin an tsare ni ne ko zan iya tafiya? Idan aka ce kana iya tafiya, ka tafi a natse. Ta biyu ita ce ina amfani da 'yancina na yin shiru kuma ina son lauya. Dole a furta ta a fili, domin Kotun Ƙoli ta ce a 2010 yin gum kawai bai wadatar a matsayin neman wannan 'yanci ba. Ta uku ita ce ban yarda a bincike ni ba. Wasu jihohi suna wajabta faɗar suna, to ka faɗi sunanka na gaskiya ka tsaya a nan. Hannuwanka su kasance a fili, kada ka kai su aljihu sai ka faɗi abin da za ka ɗauko an kuma amince.

Wasu ɗabi'u da muka taso da su a gida suna iya zama masifa a nan. Matsawa kusa da jami'i ana ba shi haƙuri, ko kama hannunsa ana roƙo, ana iya rubuta shi a matsayin turjiya ko kai hari. Miƙa masa na goro kuwa babban laifi ne na cin hanci. Kada ka yi ƙarya a kan sunanka, kuma ko da wasa kada ka ce kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba ne, domin wannan ƙarya ɗaya tana iya rufe maka ƙofar takardu har abada. Kada ka sa hannu a takardar da lauya bai karanta maka ba. A kotu ka nemi tafinta na Hausa idan Turancinka bai kai na shari'a ba, ka kuma gaya wa lauyanka matsayin takardunka tun a zaman farko, saboda tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya faɗa wa baƙo idan amsa laifi zai iya jawo masa kora daga ƙasa. Mace mai hijabi ta faɗa a fili cewa addininta ne, ta nemi kada a cire mata shi a gaban maza. Birnin New York ya sauya ƙa'idarsa a kan haka a 2020, kuma a 2024 ya amince ya biya dala miliyan 17.5 ga waɗanda aka tilasta wa cire lulluɓin addini domin ɗaukar hoto.

Idan wani aka kama a gabanka, kada ka ja shi daga hannunsu. Ka ɗaga murya ka tambaye shi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ka rubuta lokaci da wuri, ka kira lambar lauyoyi nan take. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙirga sama da mutum 10,000 da aka kama cikin kwanaki goma na farko bayan kisan Floyd, kuma kowane ɗayansu ya bukaci wanda zai gano inda aka kai shi. A New York ƙa'ida ita ce a gabatar da mutum gaban alƙali cikin kimanin awa 24, don haka akan sami masu sa kai da suke kwana a ƙofar wurin tsarewa da ruwa da abinci mai zafi da cajar waya da kuɗin mota, har da igiyar takalmi, domin akan cire ta a ciki. Wannan aiki ne da mu Hausawa muka iya tun a gida, wato zaman jinya da zaman jaje, kuma tukunyar shinkafa da aka kawo ƙarfe uku na dare ba ta bukatar mai dafa ta ya iya Turanci. Wanda ya fito da rauni a ɗauki hoton raunin a kai shi asibiti a ranar, ya kuma rubuta duk abin da ya tuna kafin ya kwanta. A New York wanda zai kai birni ƙara dole ya shigar da sanarwa cikin kwana 90, don haka ba a jinkiri.

Mataki na bakwai: kuɗi, girki da mota

Ƙauracewa motocin safa da baƙaƙen fata suka yi a birnin Montgomery domin adawa da wariyar launin fata daga Disambar 1955 ta ɗauki kwana 381, kuma abin da ya riƙe ta shi ne ɗaruruwan masu motoci da suka riƙa kai mutane aiki, da mata irin Georgia Gilmore, wata kuku da ta tara 'yan'uwanta suna sayar da abinci suna zuba ribar a asusun gwagwarmaya. Direban tasi a cikinmu zai iya ware awa biyu ya mayar da tsofaffi gida, mai shago ya ba da katan ɗin ruwa, uwar gida ta riƙe 'ya'yan maƙwabciyarta da ta fita.

Wajen ba da kuɗi kuwa sai an yi hattara. A 2018 aka gano cewa shafin Facebook mafi girma mai ɗauke da sunan Black Lives Matter, wato gwagwarmayar kare rayukan baƙaƙen fata, mai mabiya kusan 700,000, na bogi ne, kuma an danganta shi da wani Bature a Ostareliya. Ko a ƙungiyoyi na gaskiya kuɗi yakan taru wuri ɗaya fiye da kima. Asusun beli na Minnesota Freedom Fund ya sami sama da dala miliyan 30 cikin 'yan makonni a 2020, har shi da kansa ya roƙi jama'a su karkata gudummawarsu zuwa wasu ƙungiyoyi. Ni a ganina asusun beli ko ofishin lauyoyin talakawa na garin da kake zaune ya fi cancanta, kuma dala goma duk wata ta fi ɗari sau ɗaya, domin shari'a takan kai shekaru bayan 'yan jarida sun tattara kayansu. Ka shiga shafin ƙungiyar da kanka maimakon bin adireshin da aka turo a WhatsApp, ka duba ko suna bayyana yadda suke kashe kuɗi. Idan asusun iyalan mamaci ne, ka tabbatar su ko lauyansu ne suka sanar da shi. Lokacin zanga-zangar EndSARS a Najeriya a Oktoban 2020, ƙungiyar Feminist Coalition ta riƙa wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita kusan kullum, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe kowa da shi. 'Yan'uwa da ke gida su sani cewa suna iya taimaka wa ƙungiyar agaji, amma dokar Amurka ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da girin kad ba wa ɗan takara kuɗi.

Mataki na takwas: abin da kake yaɗawa

A ranar 2 ga Yunin 2020 miliyoyin mutane suka wallafa baƙin hoto a Instagram domin nuna alhini, da yawa kuma suka haɗa shi da alamar Black Lives Matter, sai baƙaƙen hotunan suka binne sanarwar lauyoyi da ta wuraren taro da masu zanga-zanga suke dogara da ita. Kafin ka tura wani abu, ka tambayi kanka wa zai amfana. Ka tabbatar da ranar bidiyo da garin da aka ɗauke shi, kada ka riƙa maimaita hoton fitar ran mutum wanda mahaifiyarsa za ta iya cin karo da shi, kuma ka tuna cewa tun 2019 takardar neman bizar Amurka tana tambayar sunayen shafukan sada zumunta. Aikin da ya fi kowane amfani a wannan fanni, wanda kusan babu mai yin sa sai mu, shi ne fassara. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU tana wallafa bayanin haƙƙoƙin mai zanga-zanga, to wanda ya iya harsunan biyu ya mayar da shi Hausa da murya ya tura wa zaurukan unguwa, domin da yawa daga cikin iyayenmu sauraro suke yi.

Mataki na tara: bayan titi ya watse

Zanga-zanga takan tilasta wa hukuma ta buɗe ƙofa, amma a zauren majalisa ake rubuta abin da zai tabbata. A Yunin 2020 jihar New York ta soke sashe na 50-a wanda ya daɗe yana ɓoye tarihin laifuffukan 'yan sanda, ta kuma mayar da shaƙe wuya da ya jawo mummunan rauni ko kisa babban laifi, cikin wata doka mai ɗauke da sunan Eric Garner, wanda ya mutu bayan ɗan sanda ya shaƙe shi. Birnin Louisville ya haramta wa 'yan sanda kutsawa gida ba sallama bayan kisan Breonna Taylor, wadda suka harbe a cikin gidanta. A ɗaya ɓangaren, ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda mai sunan George Floyd ya wuce majalisar wakilai sau biyu ya maƙale a ta dattawa, kuma a Mayun 2025 ma'aikatar shari'a ta janye daga yarjejeniyar sa ido a kan 'yan sandan Minneapolis da Louisville. Abin da aka samu ana iya ƙwace shi idan masu nema suka koma barci.

Ka nemi jadawalin zaman majalisar birninka, musamman lokacin da ake muhawarar kasafin kuɗin 'yan sanda da kwantiraginsu, ka yi rajistar yin magana. Akan ba mutum minti biyu ko uku, kuma galibi ba a tambayar takardun zama. Ka rubuta abin da za ka faɗa, ka ambaci unguwarka, ka nemi abu ɗaya tak. Ɗan ƙasa ya yi rajistar zaɓe, ya kula da ƙananan kujerun da mutane suke tsallakewa a takardar ƙuri'a, domin a yawancin jihohi zaɓar babban mai gabatar da ƙara na gunduma ake yi, kuma babban lauyan jihar Minnesota, Keith Ellison, wanda ofishinsa ya jagoranci gurfanar da Chauvin, da ƙuri'a ya hau. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya kusanci rajistar zaɓe ko da wani ya miƙa masa fom. Idan takardar kiran zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci ta zo wa ɗan ƙasa, kada ya nemi hanyar zillewa, domin mutum goma sha biyu irinsa ne suka wanke waɗanda suka kashe Diallo, goma sha biyu kuma suka kama Chauvin da laifi. Sai kuma kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan gari ta gayyaci lauya ya zo ya yi wa matasa bayani bayan sallar Juma'a, a kuma naɗa mutum ɗaya ya riƙe littafi mai ɗauke da ranakun shari'ar duk wanda aka kama daga unguwar, ya riƙa tunatar da shi ana saura kwana biyu, a kuma sami aƙalla mutum uku da za su raka shi su zauna a bencin bayansa ranar da za a kira sunansa.